Tsohon jirgi mai zane a tafkin Lagdo: wace igiya zan fara gyarawa?

Ɗan Lagdo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san jirgin ruwa mai tafiya da iska. Na sayi wani tsoho a Garwa, ya daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa a gidan wani dattijo da ya same shi a hannun wani Bafaranshe tun da can. Irin wanda ake kira Corsaire ne, na katakon filawud, tsawonsa mita 5.50, da ɗan ɗaki a gaba. Kafinta ya duba gangar jikinsa, mun toshe abin toshewa, mun yi fenti, mun kai shi tafki, ba ya shan ruwa ko kaɗan. Damuwata tana sama, wajen babban zane da igiyoyinsa.

Idan na zo ɗaga zanen, yana hawa lafiya har sai ya rage kamar taƙi ɗaya ya kai ƙololuwar sandar tsaye, sai ya cije. In na samu na ja shi da ƙyar, kafin mu yi nisa ya sake saki, gabansa duk ya yamutse. Da iska ta ɗan taso kuwa sai zanen ya yi tumbi ta baya, jirgin ya kwanta gefe guda, ya riƙa juya kai cikin iska da kansa, ni kuma ina kokawa da sandar tuƙi har kafaɗa ta yi tsami. In muka juya iska tana bayanmu, sandar kwance, wato bom, sai ta ɗaga sama, jirgin ya shiga rangaji. Bom ɗin na katako ne, irin mai naɗe zane a jikinsa, akwai wajen sa hannun juyawa a gindinsa amma ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Igiyoyin da na tarar duk sun ruɓe, na sa sababbi na kasuwa, shuɗiyar nan da ake ɗaure kaya a mota. Ta ina zan fara?

Injiniya Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ka fara da cire shuɗiyar igiyar nan, musamman wadda take ɗaga zane. Irin robar da ake yin ta da ita tana miƙewa in ta ji nauyi, ƙullinta yana zamewa, ranar Garwa kuma ba ta barin ta ta yi shekara, sai ka ga tana zubar da gari a hannu. Shi ya sa kake ɗaure zane tsaf, can an jima ya saki. Farar nailan mai laushi ma kada ka sa ta a nan. Ita ta fi kowace miƙewa, kuma ƙarfinta yana raguwa in ta jiƙe. Wurinta anga da ɗaure jirgi a gaɓa, inda ake son igiya mai ba da kai in igiyar ruwa ta fizga.

Abin da kake nema poliyesta ce saƙaƙƙiya, mai ciki da riga. Ta ɗagawa milimita 6 zuwa 8 ta isa jirgi kamar naka. Ta hannu, wadda kake jan bom kana sakinsa da ita, ka sa milimita 10, ba don nauyi ba, don kada ta yanka maka tafi. In da hali ma ka sa a aiko maka da igiyar zamani da ake kira Dyneema daga Duwala don ta ɗagawa, ita kusan ba ta miƙewa sam.

Sannan kafin ka ɗaga zane, ka tabbata kan jirgin yana fuskantar iska, igiyar hannu a sake take gaba ɗaya, kuma akwai abin da ya tallafi ƙarshen bom. Sau da yawa taƙin ƙarshen nan da yake cijewa nauyin bom ne kawai yake jan bayan zane ƙasa, kai kana ja sama.

Baba Matuƙi, Bilangwa:
Ɗana, ni ban taɓa hawa irin jirginka ba. Amma tun ina saurayi nake kafa zane a kwalekwale tsakanin bakin Shari da tsibiran Darak, da buhunan da muka farke muka ɗinke, da igiya biyu tak. Abin da zan tambaye ka ɗaya ne. In hadari ya taso daga gabas kana tsakiyar Lagdo, cikin numfashi nawa za ka iya sauke zanen nan ƙasa? Ka ce yana cijewa wajen hawa. Abin da ya cije wajen hawa zai cije wajen sauka, kuma ranar da zai yi maka haka ita ce ranar da ba ka so. Ka bar zancen gudu da kyan zane tukuna. Ka kwantar da sandar nan ƙasa ka duba kanta da idonka.

Malama Njamena:
Maganar Baba ita ce ta farko, Allah ya ƙara masa lafiya. Na koyi tuƙin irin waɗannan jirage lokacin da nake karatu a Faransa, kuma na san Corsaire. Jean-Jacques Herbulot ne ya zana shi a 1954, shi ne kuma ya zana wani ƙaramin jirgi mai suna Vaurien a 1951, duk don talaka ya samu jirgi mai araha, kuma makarantar tuƙi ta Glénans ta horar da mutane da yawa a kansu. Jirgi ne mai haƙuri, ba ya buƙatar tarin kaya.

Ƙanena, in ka kwantar da sandar, ka duba fulin da ke ƙololuwa, wato ɗan gargaren da igiyar ɗagawa take bi ta kansa. Jirage da yawa na wancan zamani wayar ƙarfe ce take ɗaga zanensu, an haɗa ta da igiya a ƙarshen da hannu ke kamawa. Fulin waya kwarinsa siriri ne. In ka zura masa igiya mai kauri ba za ta zauna a ciki ba, sai ta hau gefe ta maƙale tsakanin fuli da katako. Ka juya shi da yatsa ka gani ko yana juyawa, ko ƙusar tsakiyarsa ta lanƙwashe. Daga nan ka bi kwarin da gefen zane yake shiga tun daga sama har ƙasa. Gidan zanzaro ɗaya ya isa ya tsayar da zane. Ka wanke, ka bari ya bushe, ka goga kyandir. Kada ka sa man inji ko giris, ƙurar hunturu za ta manne a kai ta zama taɓo.

Tela Garwa:
Ni tamfol da rumfunan biki nake ɗinkawa, amma an taɓa kawo mini zanen jirgi na gyara. Akwai wani abu da ban ji an ambata ba. A gefen gaba na zanen akwai igiya da aka ɗinke a ciki, ita ce take shiga kwarin sanda. In zane ya tsufa igiyar nan tana ƙanƙancewa, shi kuwa yadin yana nan yadda yake ko ma ya ɗan miƙe. To sai ya zama kana jan igiyar ɗagawa iya ƙarfinka, igiyar ciki ta miƙe tsam, amma yadin bai miƙe ba, ya tattare a kanta. Nan tumbin yake fitowa, ko da wace irin igiya ka saya.

Gyaransa ba wuya. Ana farke ɗinkin da ya riƙe igiyar a kusurwar ƙasa, a ɗaure kan zanen a bishiya, a ja yadin har ya miƙe, igiyar ta shige ciki yadda take so, wani lokaci har taƙi guda. Sai a ƙara guntuwa a cike gurbin, a sake ɗinkewa da zaren poliyesta. Ka shimfiɗa shi a ƙasa ka duba, in gefen ya yi kamar bakin wando mai roba, to shi ne.

Ɗan Lagdo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Tela, yadda ka faɗa haka gefen yake, sai ka ce ka gani. Zan kawo maka shi. Baba, gobe in Allah ya kai mu za mu kwantar da sandar. Saura maganar bom mai ɗagawa sama.

Injiniya Marwa:
Wannan rashin igiyar danni ne. Igiya ce da take tashi daga gindin sandar tsaye ta kama bom a karkace, ta hana shi ɗagawa. Muddin kana tafiya kusa da inda iska take fitowa, igiyar hannu tana jan bom ciki kuma tana jan sa ƙasa. Da ka sake ta bom ya fita gefe, ba ta da sauran ikon jan sa ƙasa, sai ya tashi, saman zane ya murɗe ya wuce gaban sanda, ya riƙa tura kan sandar gefe. Rangajin da kake ji ke nan, kuma a haka ne bom yake iya tsallakowa ɗaya gefen ba shiri ya sami kan mutum.

Ni zan ce ka sa mai ninki takwas, wato igiyar ta kai ta komo tsakanin fulaye har layi takwas don ta ninka ƙarfin hannu, da maƙali mai haƙora kusa da hannunka. Ka ƙara igiyar miƙa gindin zane mai ninki huɗu, da kaningam mai ninki huɗu, duk ka jawo su baya wajen zama, yadda ba sai ka tashi ba. Kaningam ɗin zobe ne da ake sawa kaɗan sama da kusurwar gaba ta ƙasa, a zura igiya a ja gaban zane ƙasa, tumbin ya dawo gaba. Sunan Briggs Cunningham ya ci, wanda ya ci gasar tseren jiragen zane ta Kofin Amurka a 1958. Ga tsohon zane da ya saki babu abin da ya fi shi amfani.

Maƙerin Kusiri:
Injiniya, da girmamawa, ninki takwas a kan katakon da ya girmi mai shi? Lissafin a fili yake. In yaro ya ja da ƙarfin kilo 20, bom zai ji abin da ya kusa kilo 160 a wuri ɗaya, tsakiyar katako, ga zane yana jan ƙarshensa sama. Kuma saboda igiyar a karkace take, wani kaso na ƙarfin yana tura bom cikin sandar tsaye, ya faɗa kan mahaɗin nan da aka ce ya riga ya yi tsatsa. Ni abin da ake kawo mini gyara kullum ba igiya ba ce, ƙarfen da aka ɗaura igiyar a kai ne, ko sukurun da suka tsige daga ruɓaɓɓen katako.

Ɗan Lagdo, ka ɗauki tsinken ƙarfe ka bi duk inda sukuru ya shiga, ka soka. In ya nutse cikin sauƙi, wurin ya mutu. Jirgin da ya shekara da shekaru a rumfa a Garwa sai an bincika gara. Ka duba kuma layin da aka manne katakon sandar da gam, zafin Maris da Afrilu yana buɗe shi. Duk abin da zai ɗauki nauyi kada ka amince wa sukuru, ka huda ka sa bol ya fita ta ɗaya gefen da wasa mai faɗi, ko ka yi wa bom ɗamara da ƙarfen da ba ya tsatsa.

Injiniya Marwa:
Ninki mai yawa ba ya nufin dole ka ja shi duka. Amfaninsa ka gyara zane da yatsu biyu, a hankali, daidai yadda kake so. Mai hankali ba zai karya bom ba.

Maƙerin Kusiri:
Mai hankali a ranar da ruwa yake kwance. Ranar da iska ta rikice kowa ja yake iya ƙarfinsa. Kuma ba shi kaɗai zai riƙa hawa ba, akwai yara da baƙi.

Malama Njamena:
A nan ina bayan Maƙeri. Ninki huɗu ya ishi Corsaire, uku ma yana yi. Haka maganar Dyneema. Igiya ce mai kyau, amma a tsohon jirgi ɗan miƙewar da poliyesta take yi rahama ce, tana shanye fizgar iska kafin ta isa ga katako da tsohon yadi. In ka sa wadda ba ta ba da kai ko kaɗan, fizgar ba ta ɓace ba, ta wuce ne zuwa abu mafi rauni a layin. Ga ta da santsi, ƙulli da maƙali ba sa riƙe ta sosai in ba mai riga ba ce. Ga kuma kuɗin.

Amma akwai abin da ya sha gaban wannan gardama. Bom mai naɗi ba ya karɓar igiyar danni yadda aka saba, domin in ka kafa mata ƙarfe a jikinsa zane ba zai naɗu ba. Da can wani ƙarfe mai kamar ƙahon sa ake rataya masa ya rungumi naɗin, shi kuma yana cin yadi. Naɗin kansa ma ba ya ba da zane mai kyau: yayin da kake naɗewa tsakiya tana yin jaka, ƙarshen bom yana sunkuyowa kan mutane, wato a daidai lokacin da kake son zane shimfiɗaɗɗe sai ka samu mai tumbi. Shi ya sa aka bar wannan tsari kusan ko'ina. Tunda naka ya riga ya cije, shawarata kada ka ɓata kuɗi wajen tayar da shi. A kulle shi yadda kwarin bom zai kalli sama, ka koma ragi na igiya.

Ɗan Lagdo:
Malama, ki yi mini bayanin ragin nan dalla-dalla don Allah. Zanen ba shi da zobe ko ɗaya a tsakiya.

Malama Njamena:
Ba zai samu ba, tunda don naɗi aka yanka shi. Aikin Malam Tela ne. Za a sa zobba biyu masu ƙarfi, ɗaya a gefen gaba, ɗaya a gefen baya, kamar mita ɗaya sama da bom, na bayan ya ɗan fi na gaban tsawo kaɗan don ƙarshen bom ya ɗaga daga kanku in an rage. Kowane zobe sai an yi masa faci ninki-ninki, manya a ƙasa ƙanana a sama, domin shi zai zama sabuwar kusurwar zane, duk nauyin a kansa yake. Tsakaninsu a jera ƙananan huda da 'yan igiyoyi.

A gaba, ƙugiya a mahaɗin bom ta isa, ko guntuwar igiya da za ta ja zoben ƙasa da gaba. A baya ne ake yawan kuskure. Ka sauke zanen har zoben baya ya taɓa bom, ka ja shi baya ya miƙe, ka yi alama. Igiyar ragi za ta tashi daga bom daidai ƙarƙashin alamar, ta hau ta ratsa zoben, ta sauko ɗaya gefen zuwa fulin da ka kafa kamar taƙi ɗaya bayan alamar, sannan ta bi jikin bom zuwa maɗauri kusa da sandar tsaye. Dalilin sa fulin a baya shi ne igiyar ta ja ƙasa kuma ta ja baya lokaci guda. In ka sa shi daidai ƙarƙashin zobe, zanen zai sauko amma gindinsa ba zai miƙe ba, ka rage faɗi ka bar tumbi. Maɗaurin kuma dole ya kasance a gaba. In yana ƙarshen bom, ranar iska bom yana can waje kan ruwa, hannunka ba zai kai ba.

Kana kuma buƙatar igiyar tallafi, siririya, daga kan sandar tsaye zuwa ƙarshen bom. Yadda ake yi: ka saki igiyar danni da ta hannu har zane ya fara kaɗawa, ka ja ta tallafi ta ɗauki bom, ka sassauta ta ɗagawa har zoben gaba ya iso ka maƙala shi, ka sake jan ta ɗagawa ta yi tsam, sannan ka ja igiyar ragi har zoben baya ya zauna kan bom. Gaba kafin baya, kullum, in ba haka ba za ka fizge gefen zane daga kwarinsa. Daga nan ka saki ta tallafi, ka ja ta hannu, ka ci gaba. 'Yan igiyoyin tsakiya tattara yadin da ya rage kawai suke yi, a ɗaura su sako-sako. In suka ɗauki nauyi za su yaga zanen.

Ka yi wa igiyar ɗagawa alama da zare mai launi a inda take tsayawa in an rage, don kada ka tsaya lalube. Kuma ka riƙa gwadawa a bakin gaɓa da safe kafin iska ta tashi, kai da wanda kuke fita tare, har hannu ya saba.

Baba Matuƙi, Bilangwa:
Yanzu na ƙirga: ta ɗagawa, ta hannu, ta danni, ta miƙi, ta tallafi, ta ragi, da wannan mai sunan Bature. Bakwai ke nan a zane ɗaya, ga na ƙaramin zanen gaba. 'Yata, ba na raina iliminki, amma mutum hannu biyu gare shi, ɗaya kuma yana kan sandar tuƙi. Hadarin farkon damina ba ya sallama. Za ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, ruwa ya kwanta, sai ka ji sanyi a fuska, kafin ka ce me ta iso da ƙura. A wannan lokacin ba ragi ake yi ba, saukewa ake yi gaba ɗaya a nemi bayan tsibiri. Ina tsoron yaro ya dogara da igiyoyinsa ya tsaya inda ya kamata ya gudu.

Malama Njamena:
Gaskiya ne Baba, ragi ba na hadari ba ne. In gabas ta haɗa, a sauke komai, a sa rigar ceto, a nemi mafaka. Ragi na iskar hunturu ne, wadda takan wuni tana busawa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu, mai ƙarfi amma ba mai kisa ba. Nauyin iska a kan zane ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, nauyin huɗu yake ninkawa. Zanen da ya yi daidai a iskar kilomita 15 a awa ya yi yawa ƙwarai a ta 30. Ba tare da ragi ba, rabin ranakun hunturu sai dai ya zauna a gaɓa, ko ya fita yana kokawar da ya ba mu labari.

Amma na karɓi rabin maganarka. Bakwai ɗin ba duka ake taɓawa a tafe ba. Ta miƙi a ɗaure ta tun a gaɓa gwargwadon iskar ranar: in da ƙarfi a ja gindin zane ya miƙe, in ba ƙarfi a sassauta kamar faɗin tafi tsakanin tsakiyar gindin da bom, in gindin a sake yake. Kaningam guntuwar igiya ce mai ninki biyu a gindin sanda, ba sai an jawo ta baya ba. Ta tallafi tana rataye sako-sako. Abin da ke hannun matuƙi ɗaya ne, igiyar hannu.

Baba Matuƙi, Bilangwa:
To wannan ɗayar kada a ɗaure ta. Ko da wasa. A riƙe a hannu.

Injiniya Marwa:
Baba, a nan kam zan ɗan saɓa. Daga wajen madatsa zuwa tsibirin Madagaskar da dawowa, mutum ba zai riƙe igiya a hannu duk tsawon tafiyar ba, yatsu za su ƙage, kuma hannun da ya gaji ba ya saki da kyau. Maƙali mai haƙora ba ƙulli ba ne, fizga ɗaya sama ya sake ta. Sharaɗin dai a kafa shi a kusurwar da za ta saku daga inda matuƙi yake zaune a gefen sama, wato gefen da iska take fitowa, kuma jelar igiyar tana kan cinyarsa, ba a tattare ƙarƙashin ƙafa ba. A gwada shi da nauyi a kai, domin wani maƙalin yana saki lafiya in ba nauyi, in iska ta cika zane ya ƙi. Kusa da duwatsun da ke gefen madatsa, inda iska take faɗowa guda-guda ta sauya fuska, nan na yarda a cire ta a riƙe.

Na janye ninki takwas, huɗu ɗin ya yi. Amma kaningam ina nan a kan bakana.

Baba Matuƙi, Bilangwa:
Ni dai ban ga maƙalin da ya kai buɗe tafi sauri ba. Kowa ya yi yadda ya gani, amma in da jikana a cikin jirgin, a riƙe.

Ɗan Lagdo:
To in an gama haɗa su, ta yaya zan san na ja daidai?

Malama Njamena:
Zanen zai gaya maka. Ta ɗagawa: in ka ga yamutsi yana fitowa a kwance daga gefen gaba, ba ta ja sosai ba, in ka ga doguwar tattara a tsaye tana bin sanda, ta wuce kima. Ka ja har yamutsin kwance ya ɓace, ka tsaya nan. Wurin da tumbi ya fi zurfi ya kasance a tsakiyar zane ko ɗan gaba da tsakiya. In iska ta tura shi baya, ka ja kaningam; in iska ta faɗi ka sake shi.

Ta hannu da ta danni kuwa, ka sunkuya ƙarƙashin bom ka kalli sama. Siririn katakon da ke cikin aljihun zane na can sama ya yi daidai da bom, kamar layi biyu masu tafiya tare. In ƙarshensa ya lanƙwaso ciki ta wajen da iska take fitowa, ka matse da yawa, jirgin zai kwanta ya rage gudu, sandar tuƙi ta yi nauyi. In ya buɗe can waje, ka sake da yawa. Ka ɗinka ɗan ƙyalle mara nauyi, tsawon taƙi, a bakin aljihun nan. Yana kaɗawa baya sosai, lafiya. Yana ɓuya bayan zane kullum, sassauta.

Abu ɗaya game da igiyar danni da ba a cika faɗa ba: in iska tana zuwa ta gefe da ƙarfi, jirgi ya kwanta har ƙarshen bom ya kusa taɓa ruwa, sakin igiyar hannu ba ya wadatarwa, domin ruwa zai hana bom fita. Ta danni ake saki, bom ya ɗaga, saman zane ya zubar da iska. Don haka maɗaurinta ya kasance inda abokin tafiyarka zai kai hannu nan take.

Kuma in igiyar hannu tana gudu a kan ƙarfe a bayan jirgi, ka ɗaura wa fulin 'yan igiyoyi biyu hagu da dama. Iska kaɗan, ka tsayar da shi tsakiya. Iska da yawa, ka bar shi ya gangara gefen ƙasa, wato gefen da iska take tura zane. Wannan kaɗai yana rage nauyin sandar tuƙi sosai.

Tela Garwa:
A ƙara da wannan: in an dawo a rufe zanen ko a cire shi. Rana ce take kashe yadi da zare, ba iska ba. Ina da ragowar tamfol da za a yi masa riga.

Ɗan Lagdo:
Jama'a, ga yadda ake ciki. Mun kwantar da sandar. Fulin sama na waya ne kamar yadda Malama ta ce, gefensa ɗaya ya cinye, igiyar tana faɗawa tsakani. Wani mai injin gyaran ƙarfe a Garwa ya fafe mini sabo daidai igiyar milimita 6. Kwarin sandar mun fitar da ƙasa da gidan zanzaro. Tsinken Maƙeri ya nutse a wuri ɗaya, ƙarƙashin maɗaurin igiyar ɗagawa, kafinta ya yanke wurin ya dasa sabon katako, an sa bol. Gara ba ta taɓa bom ba, alhamdu lillahi. Malam Tela ya saki igiyar gefe, ta shige ciki fiye da faɗin tafi, ya sa zobban ragi ɗaya da na kaningam.

Jiya da hantsi iska tana da ƙarfi, muka rage tun a gaɓa muka fita. Jirgin ya miƙe tsaye, sandar tuƙi da yatsu nake riƙe ta. Na saki igiyar ɗagawa don gwaji a tsakiyar ruwa, zanen ya zubo ƙasa da kansa ba wanda ya ja shi. Baba, igiyar hannu tana hannuna, ban sa maƙalin ba tukuna. Abin da ya rage, in na ja igiyar ragi zoben baya ba ya zama kan bom sosai, yana tsayawa kamar yatsu huɗu sama.

Malama Njamena:
Madalla. Ka duba abu biyu. Ko dai igiyar danni ko ta hannu ba ta saku sosai ba lokacin da kake ja, bom ya kasa tasowa ya tarbi zoben, ko kuma fulin ya yi baya da yawa, yana ja baya fiye da ƙasa. Ka fara da na farko, ka ɗaga bom da igiyar tallafi fiye da yadda ka yi. In bai zauna ba, kafin ka sake huda katako ka zura guntuwar igiya ta cikin zoben ka zagaye bom da ita sau biyu ka ɗaure. Ka turo hoton wurin daga gefe, zanen yana rage, in ga kusurwar da igiyar take yi.

Maƙerin Kusiri:
In ta kama a matsar da fulin, ka cike tsofaffin hudojin da katako da gam kafin ka yi sababbi, kada ruwa ya samu hanya. Kuma ka bar aƙalla faɗin yatsu biyu tsakanin tsohuwar huda da sabuwa.